A Faɗa wa Ɗalibai Gaskiyar Ƙwaya Tun a Aji

Yawancin makarantun sakandare a Arewa suna da hanya guda ta magance shaye-shaye: a tara ɗalibai a filin asambili, shugaban makaranta ya ce ƙwaya haramun ce kuma tana lalata rayuwa, duk wanda aka kama a kore shi. Maganar gaskiya ce, sai dai ba ta gaya wa ɗan shekara 15 abin da bai sani ba. Abokinsa da ke miƙa masa tiramol a bayan ajin ya fi malamin bayani, domin shi yana cewa za ta ba shi ƙarfin karatu da ƙwallo, kuma ai magani ce da ake sayarwa a kemis.

A nan ya kamata darasi ya mayar da hankali. Tiramol maganin ciwo ne da likita ke rubutawa, kuma hukumar NAFDAC ta amince da mai nauyin miligiram 50 da 100 ne kawai. Wadda ake fasa-ƙwaurinta tana kaiwa 225, kuma yawanta na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kodin kuwa rage numfashi yake yi, idan aka haɗa shi da ƙwayar barci mutum na iya kwantawa bai farka ba. Sholisho, da yara ke rainawa don arha ne, ƙwaƙwalwa yake ci. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC, amma kwalaben ba su ɓace daga unguwanni ba. Kada kuma a ware makarantun mata, domin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018, wanda ya ƙiyasta masu shaye-shaye miliyan 14.3 a Najeriya, ya nuna cewa ɗaya cikin huɗu mace ce.

Ɓangaren doka shi aka fi sakaci da shi. Dokar NDLEA, hukumar da aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da miyagun ƙwayoyi, safara kuma ɗaurin rai da rai. Yara da dama ba su san cewa riƙewa kaɗai laifi ne ba. Wani babba a unguwa zai ba yaro ƙunshi ya ce kai wa wane, ga na shan ruwa, kuma a hannun yaron za a same shi. Ko kotu ta sassauta don ƙarancin shekaru, tabon na binsa har wajen neman aiki.

Kora kuwa, a ganina, miƙa yaro ce ga dillali. Shugabannin makarantu su gayyaci jami'an NDLEA da ma'aikatan lafiya su shiga aji tun daga ƙaramar sakandare, su kuma ware malami guda da ɗalibi zai iya kai wa damuwarsa a asirce ba tare da an kai shi gaban asambili ba.