Jirgin Ruwa Mai Feshi: Kogin da Ke Ɗauke da Shi, Shi Ke Sanyaya Masa Inji

Duk lokacin da kwale-kwale ya kife da mutane a kogin Kwara, kukan da ke biyo baya iri ɗaya ne: gwamnati ta sayo jiragen zamani. Haka aka yi bayan hatsarin Wara ta Ngaski a Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, haka bayan na Patigi a Yunin 2023 inda 'yan biki fiye da 100 suka rasu, haka kuma bayan na Gbajibo ta Mokwa a Oktoban 2024. Rahotanni sun fi ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima, tafiyar dare, kututturan da ke kwance a ƙarƙashin ruwa da rashin rigar kariya. Amma a cikin masu sharhi akwai waɗanda suka kafe cewa a kawo irin jiragen nan marasa farfela a waje, masu tafiya da feshin ruwa, wai su ba ruwansu da ciyawa ko yashi. Wannan magana rabinta ce gaskiya, kuma ɗaya rabin na iya cin rai.

Yadda jirgin ke aiki ba wuya. Yana zuƙar ruwa ta wata raga da ke ƙarƙashin cikinsa, farfelar da ke ɓoye cikin famfo ta matsa ruwan, ya fita ta baya da ƙarfi, jirgi ya yi gaba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a yawancin irin waɗannan jirage, daga cikin wannan famfon ake tsagar ruwan da ke sanyaya inji. Babu lagireto mai shan iska irin na mota. Ke nan idan leda ko kainuwa ta manne a raga, jirgi ya rasa gudu, inji kuma ya rasa ruwa. Direban da bai sani ba sai ya ƙara wuta don ya fita daga ciyawar, alhali injin ne yake gasawa. In injin ya mutu kuwa, sitiyari ma ya mutu, domin da bakin feshin ake juya jirgin. Jirgin ceto da ya tsaya cak a tsakiyar Kwara cikin damina ya zama mai neman ceto.

Mutumin da ya raya wannan fasaha manomi ne kuma makiyayin tumaki. Sunansa William Hamilton, an haife shi a 1899 a ƙasar Niyuzilan, yana da gona a wani wuri da ake kira Irishman Creek a tsibirin kudu. Kogunan yankinsa marasa zurfi ne, masu gudu a kan tsakuwa, kuma duk farfelar da aka sa a cikinsu sai ta karye. Bai tsaya jiran a kawo masa jirgi daga Ingila ba. A ɗakin aikin da ya gina a gonarsa ya yi ta gwaji. Da farko feshin yana fita ne a ƙarƙashin ruwa, jirgin ba ya wani gudu. A 1954 aka ɗaga bakin feshin ya koma saman ruwa, sai ga jirgi yana sulɓi a ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba. A 1960 jiragensa suka haura kogin Kolorado na Amurka ta cikin kwazazzabon Grand Canyon, suna tunkarar ruwa, abin da ba a taɓa yi ba. A 1977 Edmund Hillary, wanda ya hau dutsen Everest, ya bi kogin Ganga na Indiya da su tun daga bakin teku har gindin duwatsun Himalaya. Hamilton ya rasu a 1978, kamfaninsa na nan a birnin Christchurch har gobe.

Na kawo wannan tarihi ne saboda abin da ke cikinsa ya shafe mu. Hamilton ya ƙera jirginsa daidai da halin koginsa, ruwa garau mai sanyi da ke gangarowa daga kan duwatsu. Namu kogin daban ne. Kwara da Binuwai a damina ja wur suke da laka da yashi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 itatuwan da ruwa ya shanye suke tsaye a ƙasa. Ciyawar nan mai shunayyar fure da ta shigo Nijeriya ta Badagiri a 1984 ta bazu a hanyoyin ruwa, kachala kuma ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru. Ga ledar ruwan sha da muke zubarwa a kowace kwata, ƙarshenta kogi. Muna da mutanen da suka san ruwan nan tun kaka da kakanni, Sarkawan Yawuri da masuntan Nupe, waɗanda da kallon fuskar ruwa za su gaya maka inda tudun yashi ya koma bana. An yi bikin fara yashe kogin Kwara daga Warri zuwa Baro a 2009, an buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro a Janairun 2019, amma ban ga an ba horar da 'ya'yan waɗannan mutane kan gyaran inji rabin muhimmancin da aka ba yanke ƙyalle ba. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

To, idan allurar zafi ta fara hawa, me za a yi? A sassauta wuta nan take, a dubi ɗan bututun da ke tsartar da ruwa a gefen jirgi. In tsartuwar ta yi rauni ko ta ɗauke, a nemi gaɓa ko a jefa anga, a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu kafin kowa ya kai hannu kusa da raga. Wannan ba wasa ba ne, farfelar ciki tana yanke yatsu. Sau da yawa abin da za a tarar leda ce guda ɗaya ta shimfiɗu a kan ƙarafan ragar, ko igiyar koma ta nannaɗe a sandar farfela.

In raga a share take, sai a bi tiyo daga famfo zuwa inji. Akwai 'yar matata a hanya mai kama yashi. Buɗe ta bayan tafiya ɗaya a ruwan Agusta, za ka ga laka ta daskare a gindinta kamar tuwon da ya kwana. A wanke, a mayar da robar murfin daidai. A matsa tiyo da hannu, domin tsohon tiyo yakan ɓare ta ciki ya toshe kansa, a waje kuwa lafiya lau. Yashin da ya tsallake matata yana zuwa ya kwanta a ramukan ruwa na cikin inji da na salansa, shi ya sa mai sanin aiki ba ya ba jirgi wuta a bakin gaɓa, sai ya tura shi ruwa ya kai gwiwa tukuna. Yashin nan ne kuma ke cinye zoben da ke kewaye da farfela. Tazarar da ke tsakaninsu na buɗewa, matsin ruwa ya ragu, inji ya riƙa kuka ba gudu, zafi ya riƙa hawa musamman a tafiyar sannu.

Sai maganar tamostat, 'yar na'urar da ke daidaita zafin inji, wadda makanikanmu suka ɗauka abokiyar gaba. Mota ta yi zafi, a cire. Janareta ya yi zafi, a cire. A jirgi, cire ta ba ya buɗe tiyon da ya toshe, ɓoye cutar kawai yake yi, inji ya riƙa aiki da sanyi fiye da kima, ya sha mai, ya ci kansa da wuri. Gwada ta ba ya cin ko kwabo: a tsoma ta a ruwan zafi a gani ko za ta buɗe. Irin wadda ruwan kogi ke bi ta cikinta kai tsaye takan buɗe a wajen digiri 60. In ta ƙi, a sayi sabuwa. Haka nan kada a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, kansa na iya tsagewa. In an zaro sandar auna baƙin mai aka ga ya koma fari-fari, ruwa ya riga ya shiga, kada a sake tayarwa. Wurin wanke inji a tudu ma akwai ƙa'ida: a tayar da inji kafin a buɗe ruwa, a rufe ruwa kafin a kashe inji, in ba haka ba ruwa ya bi ta salansa ya cika silinda.

Duk wannan ba ya buƙatar digiri. Yaron da ya iya gyaran injin ban-ruwa a fadama zai koya cikin 'yan makonni. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA da ke Lakwaja da gwamnatocin Kebbi, Neja, Kwara da Kogi, in har za ku sayi jirage masu feshi, ku sa a cikin kwangilar cewa sai an horar da direbobi da makanikai daga garuruwan bakin kogin, a kuma ajiye matata da tiyo da zoben farfela a Yawuri da Malale da Patigi, ba a sito a Abuja ba. Ku kuma fasinjoji, in kun ji direba yana ƙara wuta jirgi ba ya gaba, ku ce ya sassauta ya nufi gaɓa, kuma kada ku shiga kowane jirgi, na katako ko na zamani, ba tare da rigar kariya ba.