Asabar da Lahadin Ɗalibi a Ƙasar Waje: Daga Garu Zuwa Yamai

Kowace shekara, sa'ad da 'yan aji shida suka gama jarrabawa, mukan ji waɗansunsu suna zancen zuwa karatu ƙasar waje. Da an ce ƙasar waje kuwa sai hankali ya tafi Ingila ko Amurka, a manta cewa mu nan Garu ƙasar waje ta fi Sakkwato kusa da mu. Daga Illela zuwa Sakkwato ya wuce kilomita 80, amma Birnin Ƙwanni tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Mutanen Ƙwanni suna cika kasuwar Illela kowace Lahadi, muna auratayya da su, amma duk da haka ɗalibanmu kaɗan ne suka san abin da ke bayan Ƙwanni.

Wani tsohon ɗalibinmu ya tafi Yamai a shekarar 2018 domin koyon Faransanci a Jami'ar Abdu Mumuni. Da ya komo sai ya kawo mana wani littafin rubutu mai baƙin bango, inda ya rubuta dukan wuraren da ya ziyarta a ranakun Asabar da Lahadi, da abin da ya kashe, da abin da ya gani. Mun karanta shi a ɗakin malamai, muka ga ya kamata mu bayyana wa masu shirin fita yadda irin wannan yawo yake, da amfaninsa, da kuma inda haɗarinsa yake.

Za mu fara da dalilin da ya sa ya soma fita. Bahaushe yana iya zama shekara guda cur a Yamai bai yi Faransanci ba sai a cikin aji, gama Hausa tana biyan bukata a kasuwa, da tasha, da wurin mai shayi. Ɗalibin namu ya ce bayan wata biyu ya lura Faransancinsa na takarda ne kawai, yana rubutawa daidai amma bakinsa ya ƙi sakewa. Saboda haka ya sa wa kansa doka. Kowace Asabar zai fita tare da abokan ajinsa waɗanda ba su jin Hausa, 'yan Binin da Togo da Zabarmawa, kuma tun daga sayen tikiti har zuwa tambayar hanya da Faransanci zai yi. Mu da muke koyar da harshe mun san wannan dabara ta fi awa goma ta nahawu. A 2025 hukumomin Nijar sun mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, don haka wanda zai je koyon Faransanci yanzu sai ya ƙara matsa wa kansa fiye da yadda shi ya yi.

Makonnin farko bai bar cikin gari ba, wannan kuwa daidai ne. Jami'ar tana hayin kogi, ana ƙetarewa zuwa tsakiyar birni ta Gadar Kenedi wadda aka buɗe a 1970. A kan wannan gada ce jami'an tsaro suka harbe ɗalibai uku ranar 9 ga Fabrairu 1990 sa'ad da suke zanga-zanga, ɗaliban Nijar kuwa suna tunawa da ranar kowace shekara. Ya ce sai da wani abokinsa ya ba shi wannan labari ya gane abin da ya sa ɗaliban can ba su wasa da ƙungiyarsu.

Daga gadar ba nisa zuwa gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. A ciki akwai gidan dabbobi, da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aikinsu a gaban mai kallo, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka haƙo a hamadar Agadas. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wani busasshen kututture da aka gina wa rumfa. Itaciya ce da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamadar Tenere, ayarin gishiri masu zuwa Bilma suna gane hanya da ita, har wani direban babbar mota ya banke ta a 1973. Malamin labarin ƙasa na makarantarmu ya yi shekaru yana ba da labarin wannan itaciya a aji, bai taɓa ganinta ba, ga shi ɗalibinsa ya riga shi.

Sai batun kuɗi, inda baƙi da yawa suke faɗuwa. A kasuwannin Nijar ba a ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mai tuwo ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi. Dala ɗari sefa 500 ke nan, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Mu mutanen iyaka mun saba da wannan, amma wani ɗan kudu da suke tare ya yi ta gardama da mai taksi yana tsammani an cuce shi. Akwai wani abu kuma da iyaye ya kamata su sani. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, Yuro ɗaya kusan sefa 656, ba ta hawa da sauka kamar naira. Idan naira ta faɗi, kuɗin da uba ya aika sai ya ragu a hannun yaron ko da farashin kome bai tashi a Yamai ba. Shi ya sa ɗalibin namu yakan canja kuɗin zango gaba ɗaya tun a Ƙwanni, ya ware na makaranta da na abinci, abin da ya saura shi ne na yawo. Watan da babu saura, sai ya zauna bakin kogi ya kalli masunta.

Tafiyar da ya cika shafi shida a kanta ita ce ta Kure, wani ƙauye mai nisan kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso. A nan ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke. A da suna yawo daga Senegal har tafkin Cadi, har ƙasarmu ta Hausa ma an san su, shi ya sa muke da sunansu a harshenmu. Farauta da fari da saran daji suka ƙarar da su, har a 1996 da aka ƙirga aka tarar 49 kaɗai suka rage. Gwamnati ta hana kashe su, ƙungiyoyi suka shiga taimakon ƙauyukan wurin, a hankali suka yi ta ƙaruwa har suka wuce 600. A 2018 ma an ɗebi takwas aka kai su dajin Gadabeji a jihar Maraɗi domin a kafa garke na biyu.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne babu shinge. Wurin ba gandun daji ba ne irin na Yankari, gonakin mutane ne. Ana ɗaukar ɗan jagora daga ƙungiyar 'yan jagoran ƙauyen, ya hau saman mota yana hange, sai ga raƙuman dawa tsaye a gonar gero suna cin ganyen itace, mata suna wucewa da tulu a ka ba su ko waiwaya. Ya tambayi wani manomi ko suna jin daɗin zama da su. Manomin ya ce masa suna cinye wake, suna shiga lambun mangwaro, amma kuma saboda su ne aka samu rijiyoyi da rancen sana'a. Ɗalibin ya rubuta a gefen shafin cewa wannan amsa ta fi abin da ke cikin littafin aji gaskiya, mun kuwa yarda da shi, gama littafi yakan ce a kiyaye dabbobi, ba ya faɗin wanda wakensa zai tafi.

Dole mu tsaya a nan mu faɗi abu mai nauyi. Ranar Lahadi 9 ga Agusta 2020, wasu ma'aikatan agaji Faransawa shida sun fita daga Yamai zuwa Kure kallon raƙuman dawa, kamar yadda ɗalibinmu ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni kafin nan. 'Yan bindiga a kan babura suka tare su, suka kashe su duka tare da direbansu da ɗan jagoransu, 'yan Nijar biyu. Hanya ɗaya ce, ƙauye ɗaya ne. Haka nan gandun dajin da ake kira W, a kudu da Yamai, wanda ɗalibai suke zuwa kallon giwaye a da, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Saboda haka kada wani ya ɗauki littafin nan ya ce zai bi sawunsa wuri bayan wuri. Kafin kowace fita sai an tambayi mutanen gari, da hukumar makaranta, da direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan makon, a kuma bar wa wani sunan wurin da za a je da lokacin komowa. Mu da ke gabashin Sakkwato ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Ya yi kuskure kuwa, bai ɓoye ba. Wani ƙarshen mako ya ce sai ya ga Maraɗi, wadda ke nesa da Yamai fiye da kilomita 650. Yana da dalili mai kyau. Yana so ya ga fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, zuriyar sarakunan Haɓe da suka bar Katsina a zamanin jihadi, yana kuma so ya ga gonakin da manoma suka mayar da itatuwa ta hanyar barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi, aikin da wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya soma ƙarfafawa a can daga 1983. Ya tashi da asubar Asabar, ya wuce Galmi inda asibitin mishan yake tun 1950, ya ga buhunan albasa jibge a bakin hanya, ya isa da yamma a gajiye. Awa kaɗan ya samu ya zagaya. A hanyar komowa ranar Lahadi motar ta lalace tsakanin Dogon Dutsi da Doso, suka kwana a daji, ya rasa gwajin safiyar Litinin, malamin kuwa bai karɓi uzuri ba. Abin da ya fi wannan zafi, motar ta tsaya a tashar Ƙwanni sau biyu, zuwa da dawowa, bai ƙetaro ya gai da mahaifiyarsa ba. Wani ɗan kabu-kabu da ya san shi ya kawo labari gida. Da ya zo hutu, abin da ta fara ce masa shi ne, "Ashe mu ba mu cikin wuraren kallo?" Tun daga nan ya tsai da cewa tafiyar da ta wuce awa uku a mota ta hutun zango ce.

Da hutun ya zo sai ya sauka a Dogon Dutsi, a ƙasar Arewa. Kusa da nan ne ƙauyen Lugu yake, inda Sarauniya ta yi yaƙi da rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan a 1899. A can ya ji cewa wannan runduna, bayan ta wuce Lugu, ita ce ta faɗa wa Birnin Ƙwanni a wannan shekara, ta kashe mutane masu yawan gaske. Ya ce kunya ta kama shi, gama tun yana yaro yake zuwa Ƙwanni sayen kaya, bai taɓa jin wannan ba. Mu ma malamansa muna da rabonmu na kunyar, domin mun koya masa yaƙin Sakkwato na 1903 da Turawan Ingila, muka tsallake abin da ya faru a ƙofar gidanmu don kawai ba ya cikin manhaja.

Daga nan ya bi diddigin yadda iyakar ta samu. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato suka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Bisa ga wannan zane, Ƙwanni tana ɓangarenmu. Faransawa suka yi kuka cewa an tura su hamada, ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. A 1904 aka sāke yarjejeniya aka janyo layin kudu, daga 1906 zuwa 1908 kuma jami'an ƙasashen biyu suka bi suna kafa alamu. Dalilin ke nan da ɗan'uwanmu na Ƙwanni yake cewa lakwal mu muna cewa makaranta, yana cewa mushe muna cewa malam, yana cewa duwan muna cewa kwastan.

Game da takardu, abubuwa sun sāke tun bayan komowarsa. A lokacinsa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Nijar ba biza har kwana 90, ɗalibi kuma yakan riƙe katin makaranta da katin allurar shawara saboda shingayen jandarma. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Illela da Ƙwanni, ba a buɗe ba sai Maris 2024, dukanmu mun ga yadda motoci suka yi layi kaya suna ruɓewa. Ɗaliban da suke can a lokacin sun sha wuya wajen samun kuɗi daga gida. A Janairu 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS. Don haka mai shirin tafiya ya nemi fasfo, ya kuma je ofishin shige da fice na Illela ya tambayi abin da ake bukata kafin ya biya kuɗin makaranta.

Waɗansu iyaye a ikilisiya sun tambaye mu ko wannan yawo bai hana shi sujada ba. Bisa ga littafinsa, yawancin fitarsa ta Asabar ce, Lahadi yana majami'a a Yamai. Inda Lahadi ta same shi a hanya yakan nemi masu bi na garin, ya ce sau da yawa da Hausa ake sujadar, a can kuma yakan samu wanda zai ba shi abinci ya gaya masa wace mota ce ta fi aminci.

Ya yarda mu ajiye littafin a laburaren makaranta har ƙarshen zango na biyu. Mai son karantawa ya rubuta sunansa wurin mai kula da laburare, ba a fita da shi waje. 'Yan ƙungiyar Faransanci su duba shafukan ƙarshe, inda ya jera kalmomin Hausar Nijar da ya tattara a tasha da kasuwa, gama za mu yi aiki da su a taronmu na farko bayan hutu.