Idan ciwon daji ya kama saurayi ko budurwa, mi ya rage ga dangi?

Masu saurarenmu na Zariya, Tibiri da Jiratawa, da ƴan'uwa da ke bin mu daga Kano, Abijan ko Aljeriya, da yawanmu mun ɗauka ciwon daji, wato kansa, ciwon tsofaffi ne. Ba haka ba ne. Yana kama ɗan lakwal, yana kama amarya. Ga matasa an fi ganin na jini, na kaluluwa, na ƙashi, na ƴaƴan maraina, da na nono ga mata masu ƙuruciya.

Kumburin da ya yi makonni bai sace ba, ciwon ƙashi mai hana barci, rama da zufar dare ba dalili: a kai yaro likita, kar a fara da wanzami. Tsaga ko sakiya a kan irin wanga kumburi ba ta fidda komi, sai ta bar gyambo ta ci lokaci.

Daga asibitocin Maradi ana tura wasu Yamai, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa take. Tun 2021 can ake gashin ciwon da na'ura, abin da a da sai an fita ƙasar waje. Tafiya ce ta fiye da kilomita 600, kuma ba sau ɗaya ba ce. Nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Maganin da ake ƙarawa ta jijiya, wanda likitoci ke kira shimiyo, zagaye-zagaye ake yin shi, sau da yawa duk bayan mako 3, har watanni. Bayan zagaye na biyu kumburi kan sace, sai gida a ce an warke, a tsaya. Ciwon bai tafi ba, laɓewa ya yi, kuma in ya dawo ya fi wuyar magani.

Saboda haka, ƴan'uwa na waje, maimakon ku aiko kuɗi mai yawa rana ɗaya cikin tashin hankali, ku nemi takardar ranakun magani, kowa ya ɗauki zagaye guda: kuɗin mota, masauki, abinci, awon jini. A zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana ya riƙe kuɗi da takardu. Tun 2007 doka ta ce maganin kansar mata kyauta ne a asibitocin gwamnati, a tambayi abin da ke ciki, amma dai mota da tuwo suna kan dangi.

Sai abin da kuɗi ba ya saye. Mun saba in likita zai yi bayani, a ce wa yaro ya jira waje, manya su ji. Mai shekara 17 ko 22 ba jariri ba ne. Yana da waya, zai bincika, kuma abin da zai tarar shi kaɗai cikin dare ya fi gaskiyar ban tsoro. A bar shi ya yi tambaya da bakinsa, har a ba shi ɗan lokaci da likita ba tare da baba ko inna ba. Akwai tambayar da kunya ba ta bari a yi gaban iyaye: zan yi aure? Zan haihu? Wasu magungunan suna taɓa haihuwa, wasu ba su taɓawa, kuma kafin a fara magani ya kamata a san wannan.

Gashi zai iya zubewa, amma yana sake tsirowa. Ciwon ba a ɗaukarsa ta kwano ɗaya ko gaisawa, to don mi za a ware masa kofi da tabarma? Abokan fada su ci gaba da zuwa shan shayi, ƙawaye su zo da labarin lakwal, a gaya wa malamai don a ajiye masa gurbinsa. Mai mura ko tari kaɗai ne zai dakata, domin maganin yana rage ƙarfin garkuwar jiki.

Wannan ne ma ya sa zazzaɓi lokacin shimiyo ba abin jiran safiya ba ne, musamman mako ɗaya zuwa biyu bayan ƙarin maganin. Kar a tsaya sayen ƙwaya wurin mai tebur. A ɗauki takardunsa, a nemi kabu-kabu ko mota, a nufi asibiti, a faɗa wa likitan da ke aiki ranar da aka yi masa zagayen ƙarshe.