Karatun digiri na biyu kan sufuri: Me zai ƙara wa mai albasar Madawa da 'yar kasuwar Tamaske?

Kwanakin baya muna zaune a rumfar wata Hajiya mai sana'ar albasa da tattasai, muka tarar da ita cikin ɓacin rai. Dalili shi ne ɗanta na fari, wanda ta yi shekara uku tana ɗawainiyar karatunsa a jami'a har ya samu digirin farko, ya zo mata da maganar ƙarin shekara biyu, wai zai yi digiri na biyu a fannin sufuri. A ganinta yaron ya rasa abin karantawa ne sai tuƙin mota, alhali ga ƙanin mahaifinsa nan ya shekara talatin a kan sitiyari bai taɓa shiga aji ba. Jama'ar da ke rumfar suka yi dariya, mu ma muka yi. Amma da muka koma gida muka ga maganar ba ta dariya ba ce, domin iyaye da yawa, musamman mata masu neman na kansu, su ne ke biyan kuɗin irin wannan karatu ba tare da an taɓa zaunar da su an yi musu bayanin abin da suke saye ba.

Bari mu fara daga inda kowa ya sani. Sanin kowa ne cewa albasar Kwarin Tarka da ta Magiya ba a Madawa ake cinye ta ba. Tana tafiya Gana da Kodebuwa da Togo da Benin, ban da wadda ke shiga Nijeriya ta Ƙonni da Bangi. Tsakanin watan Maris da Afrilu, lokacin da kowa ya cire tasa, farashi yakan faɗi warwas, shi ya sa mai hali yake zuba ta a rudu ya jira damina ta yi nisa, kuɗinta ya tashi. To, a nan gizo ke saƙar. Lokacin da albasa ta yi daraja shi ne lokacin da koramun Adar ke kawo ruwa, hanyoyin ƙauye su yanke, mota ta tsaya a bakin kori kwana ɗaya ko biyu tana jiran ruwa ya janye. Albasa kuwa ba ta san haƙuri ba. Da ta sha zafi da laima cikin buhu, sai a sauke ta a ware ruɓaɓɓiya, asarar kuma ba direba ke ɗaukar ta ba, mai kaya ne.

Mu kanmu mun taɓa kwana a bakin wata korama tsakanin Buza da Keita cikin motar kasuwa, muna kallon mata suna buɗe kwandunan tumatir suna zubar da wanda ya fashe. Babu wadda ta yi kuka. Lissafi kawai kowacce ke yi da yatsu.

Wannan lissafi da matan ke yi da yatsu shi ne ainihin abin da ake karantawa a fannin da ɗan Hajiya yake so, sai dai su a can da alƙalami da kwamfuta suke yi. Ba tuƙi ake koya ba, ba kuma kanikanci ba. Ana koyon yadda ake ƙirga mutane da kayan da ke bin hanya, daga ina suke fitowa, ina za su, a wace rana, da nawa suke biya. Ana koyon yadda za a zaɓi hanyar da ta fi cancantar a fara gyarawa idan kuɗin gwamnati na hanya ɗaya ne alhali ƙauyuka goma ke kuka. Akwai darasin tsara tasha da kasuwa, da na rage haɗari, da na dokokin kan iyaka, da na tattalin mai. Kalmar "mai ɗorewa" da ake liƙa wa karatun kuwa, ma'anarta a taƙaice ita ce sufurin da talaka zai iya biya, wanda ba zai kashe mutane a hanya ba, ba zai lalace bayan damina biyu ba, kuma ba zai tsaya cik ba ranar da mai ya yanke.

Ga misali ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, ko da yake ba zai yi wa wasunmu daɗi ba. A ƙarshen shekarun 1950 injiniyoyi a Amurka sun yi wani babban gwaji, suka yi ta zagaya manyan motoci a kan kwalta suna auna lalacewarta. Abin da suka gano shi ne, idan aka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya ba sau biyu take ƙaruwa ba, kusan sau 16 ce. Wannan ne ya sa ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta kafa doka a shekarar 2005 cewa kada nauyin layin taya guda ya wuce tan 12. Yanzu mai karatu ya tuna gingimarin albasa da aka yi wa lodi har ya yi tozo, buhu kan buhu, yara kuma a sama. Mai mota ya ce idan bai ƙara buhu ba kuɗin mai da na shingaye ba za su fita ba, kuma gaskiya ya faɗa. Mai kaya ya ji daɗin ragin da aka yi masa a kan kowane buhu. Bayan shekara uku kwalta ta farfashe, tafiyar yini ta koma ta kwana biyu, taya da sifirin suna karyewa, kuɗin mota ya hau. Ashe ragin da muka samu bashi ne muka ci. Mai wannan karatu aikinsa ne ya fito da lissafin a fili, ya kuma nemo yadda za a rage lodi ba tare da an karya mai mota ba, misali ta rage yawan tsayawa da abin da ake karɓa a hanya. Idan aka matsa wa direba a kan sikeli aka bar shingaye yadda suke, an yi aikin baban giwa.

Haka nan masana suna da wani ma'auni da Bankin Duniya ya fito da shi a 2006: mutum nawa ne cikin ɗari na mazauna karkara ke zaune ƙasa da kilomita 2 daga hanyar da mota ke bi rani da damina. Ma'aunin ya yi kama da wasa, amma duk matar da ta taɓa ɗauko kaya a ka daga wani ƙauyen Garhanga ko Allakaye zuwa bakin hanya ta san bambancin kilomita 2 da kilomita 10. Shi ne bambancin mai zuwa kasuwa kowane mako da mai sayar wa ɗan kamasho a ƙofar gida a farashin da ya ga dama.

Mutanen Keita ba baƙin irin wannan aiki ba ne. Shirin raya karkara da aka fara a 1984 da tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO, wanda aka fi sani da Furoje Keita, ya yi suna ne a kan dashen miliyoyin itatuwa da tare ruwa da duwatsu, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin, ana biyan su da abinci. Amma shirin ya buɗe hanyoyin karkara ma, ya kuma nuna abin da injiniyan da bai san Adar ba yakan manta: idan ba a kama ruwa a kan tudu ba, duk gadar da aka yi a kwari ta ruwa ce. A ƙasar duwatsu da koramu, gyaran hanya daga saman dutse yake farawa.

Sai maganar mai, wadda a 'yan shekarun nan ta koya mana darasi. Shekara da shekaru kabu-kabu da motocin kasuwa na wannan yanki da ruwa-ruwa suke aiki, wato man Nijeriya mai arha da ake sayarwa a kwalabe. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, arhar ta ƙare dare ɗaya. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, takunkumin CEDEAO ya biyo baya, iyakar Nijeriya ta kasance a rufe har watan Maris 2024. Kafin nan ma an sha rufewar Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Kayan da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. A watan Agusta 2024 ambaliya ta yanke hanyoyin shiga Yamai na 'yan kwanaki, a watan Maris 2025 kuma aka yi ta dogon layi a gidajen mai duk da matatar SORAZ da ke aiki a Damagaram tun 2011. Kowanne daga cikin waɗannan ya sauka ne a kan kuɗin buhu, daga nan ya sauka a kan tiya.

Shi ya sa ake ta maganar babura da adaidaita masu aiki da lantarki. A Benin da Togo da Ruwanda akwai kamfanonin da ɗan kabu-kabu ke zuwa ya ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke, kamar mai canza tukunyar gas. Rana kuwa Allah Ya hore mana, ga tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7, tun 2018. Amma mu dai ba mu cika ɗokin abin ba tukuna. Batiri yana son wuta tsayayya, yana son makaniken da ya san shi, kuma ba ya son zafi irin na watan Afrilu. Sai an gwada shi a hawan dutsen Buza da buhu biyu a baya kafin a ce wa talaka ya sayar da babur ɗinsa. Kuma kada a raina amalanken jaki. Shi ne ke fito da albasa daga garka zuwa bakin mota, ba ya shan mai, kuma a ganinmu ɗalibin da ya zauna ya gyara masa taya da ƙafa da sirdin da ba ya ji wa dabba ciwo ya fi amfanar Sabon Gida da Galma a kan wanda ya rubuta littafi guda a kan jirgin ƙasan birnin Faris.

To, ina ake wannan karatu? A tsarin da jami'o'inmu ke bi, digirin farko shekara 3 ne, na biyu shekara 2. Yaro zai iya yin na farkon a gida, a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ko ta Abdou Moumouni ko makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai, a fannoni irin su labarin ƙasa, tattalin arziki ko aikin gine-gine da hanyoyi. A Lome akwai makarantar EAMAU ta tsara birane, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka mallake ta. A can ne a tsakiyar shekarun 2010 aka buɗe digiri na biyu mai sunan sufuri mai ɗorewa a biranen Afirka, da haɗin gwiwar Jami'ar Senghor ta Iskandariya a Masar da ƙungiyar CODATU. Sai dai a lura, Jami'ar Senghor ta ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ce, Nijar kuma ta sanar da ficewa daga ƙungiyar a watan Maris 2025, don haka duk mai nema ya tambayi sharuɗɗan bana, kada ya dogara da labarin wanda ya yi shekarun baya. Ga wanda ya iya Turancin Ingilishi, akwai cibiyar NITT a Zariya da aka kafa a 1986, wadda ke ba da horo mai zurfi kan sufuri da jigilar kaya, ga kuma sabuwar Jami'ar Sufuri ta Daura a Jihar Katsina. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021 shi ma zai buƙaci waɗanda suka san aikin, ko da yake wanda ya ga layin Yamai zuwa Doso kwance babu jirgi ba zai yi saurin sayen tikiti ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Yawancin wannan karatu an tsara shi ne don manyan birane: cunkoson Legas, manyan bas-bas masu lantarki da Dakar ta fara a 2024, da makamantansu. Matsalarmu ba cunkoso ba ce, rashin hanyar ce da tsadar mota. Idan yaro bai yi wayo ba zai dawo da ilimin da sai a Abijan za a saye shi, Adarawa kuwa ba sa buƙatar wanda zai nuna musu hanyar Abijan. Maganin wannan yana hannun ɗalibin, domin a shekarar ƙarshe shi ke zaɓar abin da zai yi bincike a kai. Babu abin da zai hana shi ya zaɓi tafiyar buhun albasa daga Tunfafi zuwa Akra, ya ƙirga kwanaki da shingaye da abin da ya ruɓe, ko ya zaɓi yadda matan Ibohaman ke zuwa kasuwar Tamaske da abin da suke kashewa. A nan ɗan 'yar kasuwa ya fi ɗan ma'aikaci gata, domin shi direbobi da 'yan kamasho za su faɗa wa gaskiyar lissafi, sun san uwarsa.

Aiki fa? Ba za mu yi wa kowa alkawari ba. Wuraren da ke ɗaukar irin waɗannan mutane su ne ma'aikatun sufuri da ayyuka, asusun gyaran hanyoyi, hukumar CNUT mai kula da masu jigilar kaya, hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, kamfanonin bas da na dakon kaya, da shirye-shiryen raya karkara. Guraben ba su da yawa, masu nema kuma sun fi su. Wanda gidansu ke da mota ko rumbun ajiya, shi ko bai samu ofis ba yana da inda zai zuba iliminsa.

Don haka, Hajiya, kafin ki taɓa jari ko ki sayar da bisashe, ki zaunar da shi ki tambaye shi kamar yadda kike tambayar dillali. Takardar makarantar, hukumar CAMES ko gwamnatin ƙasar ta amince da ita? Ya nemi tallafin karatu a hukumar ANAB, ko kuwa kai tsaye aljihunki ya nufo? Akwai zuwa koyon aiki a cikin karatun, a ina? Waɗanda suka gama kafin shi, ina suke yanzu? Kuɗin makaranta kuma a asusun makarantar ake zuba su a karɓi rasit, ba a hannun wani mai cewa ya san hanya ba.

Da muka sake bi ta rumfar a makon jiya, mun tarar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai ba shi littafin da take rubuta lodi, ta ce ya bi mota ta gaba har inda za a sauke, ya rubuto mata duk inda dala ta fita, in ya dawo sai su yi maganar Lome.