Gadar Wudil da Gadar Daji: Yadda Za a Koya wa Yara Kalmomi Masu Harshen Damo

Duk yaron da ya tashi a Wudil ya san gada, domin ta kanta motocin Kano ke tsallake kogi su nufi Bauchi da Maiduguri. Amma idan malami ya rubuta "gada" ita kaɗai a allo, babu abin da zai nuna wa ɗan aji uku ko gadar kogi ake nufi ko 'yar dabbar nan ta daji. Haka "gari" yake tsakanin wurin zama da abin tuwo, "gado" tsakanin na kwanciya da na magada, "kuka" tsakanin hawaye da bishiyar miya. A baki ba a ruɗewa, saboda karin sauti da tsawon wasali suna rarrabe su. Rubutun boko kuwa ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Ƙamus irin na Bargery na 1934 ya nuna su, amma littattafan firamare da jaridu, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, sun bar wa mai karatu ya gano da kansa. Saboda haka ya wajaba a koyar da waɗannan kalmomi tun a firamare, a kuma fara daga kunnen yaro kafin a kai ga idonsa.

Hanyar ba ta buƙatar kuɗi. Malami ya faɗi jimla biyu da babbar murya: "Baba ya sayi gado" da "An raba gado." Yara su maimaita, su ji inda murya ta ja da inda ta sauka, sannan a rubuta jimlolin su ga cewa haruffan iri ɗaya ne. A nan yaro ke gane cewa maƙwabtan kalma ne ke bayyana ta, shi ya sa ba a karanta kalma a tsaya, sai an kai ƙarshen jimla. Misalan ma suna bakin ƙofa. Ranar Juma'a garin Wudil yakan cika da fatake saboda kara, wato kasuwar shanu, ga karan dawa a gona, ga kuma kara da ake yi wa baƙo. Daga nan sai a shigo da masu lanƙwasa, a nuna cewa "ƙara" ba "kara" ba ce, "ƙafa" ba "kafa" ba ce, domin wannan bambancin alƙalami ke ɗaukarsa.

Wasu za su ce ɓata lokaci ne, tunda yaro ya sha Hausa a nono. Gaskiya ne ya iya magana, amma iya magana daban, iya karatu daban. Mai saurare yana da muryar mai magana, mai karatu kuwa shi zai mayar wa kalma muryarta. Yaron da ya karanta "wuyar aiki" da "wuyan riga" da murya ɗaya haruffa kawai yake haɗawa, bai fahimci abin da ke gabansa ba. Wasu kuma za su ce a sa wa rubutun alamomin karin sauti kowa ya huta. Hakan na da amfani a ƙamus da darasin jami'a, amma yaron zai fita ya tarar da jarida da saƙon waya babu alama ko ɗaya, don haka gara a shirya shi ga rubutun da zai rayu da shi. Masu cewa Turanci ya fi cancantar lokacin su tuna cewa shi ma cike yake da irin waɗannan kalmomi, kuma wanda ya saba nemo ma'ana daga jimla a harshensa da wannan dabarar zai shiga Turancin.

Akwai ma wani jari da ake mantawa da shi. Yawancin yaran nan suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya, inda ake horar da kunnensu kan jan wasali da gajarta shi, kuma ajami yana iya nuna dogon wasali a rubuce. Malamin boko da ya ɗora a kan wannan ya sami rabin aikin a gama. Minti goma a kowane darasin Hausa, da allo da alli, sun isa ɗan Wudil ya ga "gada" a takarda ya san ko tsallaka ta zai yi ko farautarta.