Yaron Da Ba Ya Ji A Aji: Abin Da Aka Yi A Lafiya

Ran 6 ga watan Fabrairu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, inda ya buɗe makarantar da aka gina musamman domin kurame da makafi da guragu. Gwamnan lokacin, Alhaji Umaru Tanko Al-Makura, ba labarin kurumta aka ba shi ba. Shi da bakinsa ya faɗa cewa zazzaɓin Lassa ya kama shi a 1990, ya tashi ba ya ji, sai da aka dasa masa na'ura a kunne.

Amma shi da girmansa abin ya same shi, ya riga ya iya magana da karatu. Yaron da sanƙarau ko ƙyanda ko ciwon kunne mai fid da mugunya ya taɓa tun yana goye, nasa ya fi tsanani. In ya shiga firamare malam ya kira shi bai waiwayo ba, sai a ce taurin kai ne, bulala ta hau. Uban kuwa yana can Agege ko Sabon Ibadan wajen nema, abin da ke isa gare shi kawai shi ne yaron ba shi da ƙwaƙwalwa.

Nan ne aikin masu awon ji ya ke. Sukan sa wa yaro abin saurare a kunne, su saki ƙara iri iri, mai kauri da siririya, in ya ji ya ɗaga hannu. Da haka za su san iyakar jin kowane kunne. Wani dauɗa ce kurum ta toshe, a wanke. Wani a ba shi na'urar ƙara ji, a gaya wa malaminsa ya zaunad da shi gaba, kada kuma ya yi bayani yana fuskantar allo, don yaron bakinsa ya ke kallo. Wanda jinsa ya tafi sarai, a koya masa karatu da maganar hannu.

Sai dai na'urar nan ba sayen rana ɗaya ba ce. Tana cin batir, abin da a ke cusawa a kunnen kuma sai an riƙa sakewa yayin da yaro ke girma. In babu mai dubawa, a ƙasan akwati ta kan ƙare. Gini dai an yi, amma gini ba ya awon kunne.

'Yan Arewa da ke zaune da iyalinsu a Kudu ba sai sun kai yaro Lafiya ba. Akwai makarantar kurame ta Wesley a Surulere, Ikko. A Ibadan, wani kurma baƙar fatar Amurka, Andrew Foster, ya buɗe tasa tun 1960. Kwalejin Tarayya ta Oyo kuwa tun 1977 ta ke horad da malaman irin waɗannan yara.