Ƙididdigar Buƙatu a Uwar Garke da Sa Ido Daga Nesa: Bayani da Keɓaɓɓun Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Tun daga 2006 da Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin Galaxy Backbone a Abuja domin kula da sadarwar kwamfuta ta ma'aikatunta, ayyukan hukuma da dama sun koma kan intanet. Haka kuma Hukumar JAMB, mai hedikwata a Bwari, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Manufar wannan muƙala ita ce bayyana yadda ake ƙididdige aikin na'urorin da ke ɗauke da irin waɗannan hidimomi, tare da duba kalmomin da Hausa ta tanada.

2.0 Ma'anar Kalmomi

"Uwar garke" ita ce kwamfuta ko manhajar da ke amsa kiran sauran kwamfutoci. An ɗauko kalmar daga kiwo, kuma ta fi kalmar aro "saba" dacewa, domin a rubutun da ba a nuna karin sauti, ita wannan tana iya rikicewa da aikatau "saba". Ita kuwa "buƙata" saƙo ne guda da na'urar mai amfani ke aikawa. Buɗe shafi ɗaya kan haifar da buƙatu masu yawa, tunda kowane hoto da tasa. Saboda haka kuskure ne mai fassara ya mayar da adadin buƙatu adadin mutane.

3.0 Yadda Ake Sa Ido

Misalin da ya shahara shi ne Apache Tomcat, wadda aka rubuta da harshen Java. Tun daga 2004 aka shigar da tsarin JMX cikin ainihin Java, wanda ke bai wa injiniya damar leƙa cikin manhaja tana tsakiyar aiki, ko da yana wani gari, ta amfani da kayan aiki irin su JConsole. Tomcat na adana jimillar buƙatu, da waɗanda suka ƙare da kuskure, da lokacin da aka ɓatar wajen amsa su, da buƙatar da ta fi daɗewa, da yawan bayanan da suka shiga ko suka fita.

Alƙaluman nan tarawa suke yi tun daga sa'ar da aka kunna manhajar, don haka karatu ɗaya ba ya wadatarwa. A ƙaddara an karanta 120,000, bayan minti 5 kuma 126,000. Bambancin, wato 6,000, idan aka raba shi da daƙiƙa 300, ya nuna buƙatu 20 a kowace daƙiƙa.

4.0 Abubuwan Lura

Na farko, matsakaicin lokaci yakan ɓoye wahalar 'yan tsirarun da suka daɗe suna jira, kamar ɗalibin da ke neman sakamakonsa. Na biyu, ƙofar da ake leƙe ta cikinta tana ba da ikon sauya saiti. In aka bar ta ba kalmar sirri, ɓarawo ma ya samu hanya.

5.0 Kammalawa

Littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi. Fannin kwamfuta na jiran irin wannan aiki, wanda zai haɗa masana harshe da injiniyoyi, domin kalmar da aka ƙirƙira ba tare da sanin aikin na'ura ba tana iya ɓatar da mai karatu.